Kunnuwan Kaset ɗin Habu

Kwanan baya na zauna a rumfar wasu samari masu tura waƙa da wa'azi a waya, ina jira a cika mini cajin tawa. Ɗaya daga cikinsu ya ji an ce ni tsohon mai kaset ne, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, ai ku kun ci banza. A danna ja, a danna baƙi, shi ke nan." Ban yi masa musu ba, domin tun ina koyarwa na gane cewa ɗalibin da ya riga ya san amsa ba ya jin tambaya. Amma da na koma gida na ɗauki biro. Shi da ire-irensa nake yi wa wannan rubutu, in Allah ya sa suna karanta abin da ya wuce layi uku.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Hausa da tarihi a wata sakandare a Kano, har alli ya ƙare, haƙuri ya bi bayansa. A 1997 wani ɗan baffana mai saro kayan lantarki ya tafi da ni Guangzhou don in riƙa rubuta masa wasiƙu da Turanci. Sai da muka sauka muka tarar waɗanda za a rubuta wa wasiƙun ba su san Turancin ba, abin da suka sani kalkuleta. Wata uku ina zaune ina kallon ruwan sama ta taga. Daga nan na faɗa hannun wani tsohon Basine mai gyaran rakoda a wani lungu bayan titin Liuhua, muna ce masa Lawban Liyang. Lawban shi ne maigida a bakinsu.

Aikin farko da ya ba ni, wani kaset ne da rakoda ta tauna, zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Na kai hannu zan ja, ya buge mini yatsu da fensir. Ba ya jin Hausa, ba na jin Sinanci, saboda haka fensirin ne ya zama harshen koyarwa, kuma ban taɓa ganin manhajar da ta fi shi saurin shiga kai ba. Ya nuna mini yadda ake kwantar da zaren a kan gilashi, a goge shi da bayan cokali mai ɗumi har tamojin ya miƙe. Ya nuna mini yadda ake yanka shi da reza a karkace, don kada mai sauraro ya ji ƙas a wurin haɗi, da kuma cewa salatif a bayan zare ake liƙa shi, gefen da ba ya sheƙi kuwa ba a taɓa shi ko da numfashi. Idan na yi daidai ba ya cewa komai. Idan na yi kuskure ya ce "meyo", wato babu, ya jefa aikin a kwando. Wata bakwai na yi ina jin meyo. Ran da ya duba wani haɗi nawa ya yi shiru ya kunna taba, ranar na san an yaye ni.

Na kama ɗaki a bene na uku a unguwar Sanyuanli, na jera rakoda takwas a kan katako, ta tara a gefe mai juya uwar kaset, wato na asali da ake kwafa, wayoyi sun haɗa su duka. Sauran kayan aikin ba su cika gwangwanin madara ba: reza, salatif, auduga, kwalbar sifirit ta wanke kan rakoda, ƙaramar sukudireba, da biro mai kusurwa shida na naɗe zare. 'Yan kasuwar Kano da na Maraɗi su ne masu kawo aiki. Su zo da kaset ɗaya na wa'azi ko na waƙa, su sayi fanko kwali-kwali daga masana'anta, tsirara babu leda babu rubutu, ni kuma in cika musu. Za ku ce me ya hana a yi a gida? A Guangzhou wuta ba ta ɗaukewa a tsakiyar aya.

Abu biyu nake so ku riƙe, don labarin ba zai shiga ba sai da su. Na farko, a saman kowane kaset akwai wasu 'yan ƙananan robobi biyu, mu muna ce musu kunnuwa. Muddin suna nan, ana iya ɗaukar sabuwar magana a kan tsohuwa, tsohuwar ta tafi har abada. In aka ɓalle su, jan maɓallin rakoda ba zai dannu ba, abin da ke ciki ya tsira. Na biyu, abin da ake kwafa ba ya taɓa zama daidai da tsawon zare. Kullum sai an bar saura a ƙarshe, minti ɗaya ko biyu. Wannan shi ne wutsiya.

Duk Bahaushen da ya sauka a Sanyuanli a waɗannan shekaru ya ci tuwon Habu. Ɗan daudu ne mutumin Kano, ya haura hamsin, ya yi shekaru yana dafa wa alhazai abinci a Jidda kafin ya biyo 'yan kasuwa zuwa nan. A wani ɗaki sama da shagon tayoyi yake girki, da kuka da daddawa da ake kawo masa a cikin akwatunan matafiya. 'Yan kasuwa su ci su side hannu, su sauko matakala suna kwaikwayon tafiyarsa. Ya sani. Yakan ce, "Ku yi ta yi, gobe ma yunwa za ta hau da ku benen nan." Ni Malam yake ce mini, wani lokaci Malam na alli, in yana son tsokana.

A watan Maris na 1999 ya hau benena da wata jakar leda mai ratsi-ratsi. Lokacin ne iskar kudu ke dawowa garin, bango ya yi ta gumi, tufafi su ƙi bushewa, takalmi ya kwana ya tashi da fumfuna. Ya rufe ƙofa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya zazzage jakar a kan tebur. Kaset arba'in da huɗu, tsofaffi, wasu kusoshinsu sun yi tsatsa, wasu zaren ya yi fari-fari.

Na ɗaga ɗaya na duba a hasken taga. Na ce, "Habu, waɗannan ai jinya suke so. Waƙoƙin waye?"

Ya ce, "Waƙa? Ni 'yasu. Malam, mutane ne."

Ya zauna ya ba ni labari, kuma wannan ne kawai karon da na ji shi a jere. Shekaru da yawa baya, wani ɗan daudu ya rasu a ɗakin haya a Kano. Danginsa suka ce ba su san shi ba, maƙwabta suka ce ba za su wanke shi ba. Babbarsu a lokacin, wadda suke kira Yaya Dije, ta tara mutum goma sha ɗaya, suka sa manyan riguna da huluna, suka je ƙofar mai unguwa suka zauna tun hantsi, ba zagi ba kuka, har la'asar, sai da aka samo limamin da ya yarda ya yi sallar. Daga ranar suka ɗaura wa kansu aiki. Likkafani ba ya yankewa a ɗakin ɗayansu. In an kama wani, akwai mai zuwa caji ofis. In wani ya kwanta asibiti, akwai mai zaman jinya. Duk wanda ya shigo cikinsu sai a ba shi kaset nasa shi kaɗai, ya faɗi sunansa, da uwar ɗakin da ta koya masa girki da zama da mutane, da abin da ya gani da idonsa. Kaset ɗin yakan koma wa mai shi bayan shekara ɗaya ko biyu ya ƙara abin da ya samu. Shi ya sa ba a ɓalle kunnensa. Sai ran da mai muryar ya rasu, sannan mai ajiya ya sa farce ya ɓalle, maganarsa ta cika.

Mai ajiyar na Kano ya tsorata bayan mai gidan hayarsa ya shiga ɗakinsa da bincike, ya aiko da su kaɗan-kaɗan a cikin buhunan kuka. Habu ya ce, "Nan wa ke jin Hausa in ba wanda ya ci tuwona ba? Sai ga shi na tsere wa mutane, ruwa ya kama ni."

Na ƙirga. Goma sha biyar babu kunnuwa, ashirin da tara da kunnuwansu. Ni ba alƙali ba ne, kuma ba fatawa aka zo nema wurina ba. An kawo mini amana da zare mai ciwo, na karɓa.

Gyaran ya ci wata shida, don a tsakanin aikin 'yan kasuwa nake yinsa. Kowane kaset sai na kwance kusoshinsa biyar, na ɗauke zaren, na bi shi da auduga taƙi-taƙi ina share fumfuna, na haɗa inda ya tsinke. Tsofaffin gidajen robar sun lanƙwashe, saboda haka na zubar da su, na mayar da kowane zare cikin sabon gida, irin na fankon da nake aiki da shi. Habu yakan zo bayan ya sauke tukunyar rana ya zauna a gefena. In na gama ɗaya in kunna, ya ji muryar, ya ce, "Wannan ta tafi, ɓalle," ko "Wannan tana nan da bakinta, bar mata." A cikin kaset ɗin ban ji an kira shi Habu ko sau ɗaya ba. Hajiya Asabe suke ce masa, kuma da "ke" suke yi masa magana.

Na ɗauko takardar liƙawa zan rubuta suna a kan na farko, ya riƙe mini hannu.

"Kai dai boko ya yi maka yawa. Me za ka rubuta?"

"Suna da shekara. Haka ake ajiya, Habu. Abin da ba a rubuta ba ɓata yake yi."

"Abin da aka rubuta kuma karanta shi ake yi. Murya sai an kunna, sai an zauna, sai an san mai ita. Rubutu ko jaki ya ɗauka ya kai wa alƙali. Waɗannan suna da 'ya'ya, Malam, wasu da jikoki. Bar su tsirara."

Na ce to ko lamba. Ya ce lamba ma rubutu ce. Iyakar abin da ya yarda da shi, in jera su a kwali ɗaya, in yi ɗan gicciye da biro a kan murfin. Shi ya tsara jerin da hannunsa, marasa kunne a ƙasa, masu kunne a sama. Ya ce, "Matattu a ƙasa, rayayyu a sama. Haka Allah ya tsara, ba ni ba."

Za ku yi zaton wanda ya saurari kaset arba'in da huɗu daga farko har ƙarshe ya san abin da ke cikinsu. Ban sani ba. Mai gyara ba ya jin magana, ƙara yake ji. Kunnena yana kan shuuu ɗin da ke bayan murya, da inda sauti ya nutse, da inda haɗi ya yi tsalle. Har yau zan iya gaya muku cewa kaset ɗin Yaya Dije yana da haɗi uku a gefen farko, na biyun yana kusa da wani tari da ta yi. Abin da take faɗa kafin tarin, ban riƙe ba. Na shekara goma sha ɗaya ina yi wa yara faɗa a kan sarakunan da ba a rubuta tarihinsu ba, ga tarihi ya zo har teburina yana magana, ni kuwa ina sauraron tsatsa.

Sauran aiki ɗaya ya rage, a yi wa kowanne kwafi na biyu a ajiye wani wuri dabam. Na ce sai na samu zare mai kyau, wanda zai daɗe, don na masana'antar nan bai cancanci wannan aiki ba. Lawban Liyang ya ce zai samo mini, ya ce wata mai zuwa. Na mayar da kowane zare farkonsa, tsaf, yadda aka koya mini, na rufe kwalin na ɗora a kan kanta. Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce.

A watan Nuwamba, azumi ya gabato, Alhaji Sabo ya zo da uwar kaset ta tafsiri yana son kwafi ɗari biyu kafin jirginsa na jibi. Dattijo ne ɗan kasuwar Kano, mai kirki, mai yawan magana, ba ya iya zama hannunsa banza. Halinsa ne in ya shigo ya ɗauki duk kaset ɗin da ya gani ya jefa a rakoda, ya ce, "Bari mu ji me kake ɓoyewa, Malam." Da na ji muryarsa a matakala, na sauke kwalin Habu na tura shi ƙarƙashin tebur, kusa da kwalayen fanko. Kwalin iri ɗaya ne, daga masana'anta ɗaya.

Muka fara tun safe, shi yana miƙo fanko ina lodawa. Wajen azahar bel ɗin rakoda ta huɗu ya tsinke. Na ce masa ya huta, na sauka na sayo wani, na tsaya na yi salla. Da na dawo na tarar ya share tebur, ya jera waɗanda aka gama, ya buɗe sabon kwali ya naɗe murfinsa baya don hannu ya riƙa shiga da sauƙi.

Ya ce, "Wancan ya ƙare, na jawo maka wani. Ka ga amfanin tafiya da babba."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Na sa bel, muka ci gaba.

Zubi ɗaya kaset takwas ne, gefe biyu, wajen minti arba'in da biyar in an ninka gudu. Muka yi zubi uku. Alhaji yana ba ni labarin yadda kwastan suka riƙe masa kaya a Legas, ina ta cewa "ikon Allah". A zubi na huɗu na loda biyar na danna, suka kama juyawa. Na sa na shida, jan maɓalli ya ƙi dannuwa. Na ƙara dannawa, ya ƙi. Na zaro kaset ɗin na juya samansa. Babu kunnuwa.

Fanko ba ya zuwa babu kunnuwa. Na sunkuya na ɗaga murfin kwalin da aka naɗe, ga ɗan gicciyena na biro.

Alhaji ya ce, "Mene ne? Au, kunne ne ya karye? Kawo, ai wannan ba komai ba ne." Ya yagi takarda ya fara dunƙulawa zai toshe ramin, yadda kowa ke yi.

Na ce, "A'a Alhaji, wannan kwalin ƙasansa duk ruwa ya taɓa. Bari in sauya." Na janye kwalin na tura bayan ƙafata.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Habu. Rakoda biyar ɗin nan suna juyawa, ko minti ɗaya ba su yi ba. Da na miƙa hannu na kashe su, da abin da ya tafi bai wuce sallama da gaisuwa ba. Amma na san Alhaji. Zai ce me ya faru, zai ce kunna mu ji, kuma zai ji. Mutanen da ke cikin zaren 'yan garinsu ne, wataƙila wani ma maƙwabcinsa. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina, kuma ba ƙarya ba ce. Ɗaya hujjar ita ce, zai koma Kano ya ce ga abin da Malam yake ajiyewa a ɗakinsa. Ban san wacce ta fi riƙe mini hannu ba. Na tsaya ina kallon zare yana tafiya daga hagu zuwa dama minti ashirin, Alhaji ya koma kan labarin kwastan.

Da suka tsaya na ce masa kaina yana ciwo, ya dawo gobe da hantsi. Na ware ashirin da taran nan, na cika masa adadinsa da fanko na gaskiya. Ya karɓi kayansa ya yi mini addu'a, ya tafi bai san komai ba, kuma har ya rasu bai sani ba.

Washegari da la'asar na je na kira Habu. Ya hau benen yana mita a kan gwiwarsa. Na gaya masa komai a tsaye, har da minti ashirin ɗin. Ya zauna a kan kwalin fanko, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Nawa?"

"Ashirin da huɗu gaba da baya. Biyar gefen farko kawai. Na matattu ba abin da ya same su."

"Su dama ba abin da zai ƙara samunsu." Ya juya hular a gwiwa. "Garin neman gira. Ni na hana ka rubutu."

"Ni na ƙi yin kwafi."

"To mu raba, kowa ya ɗauki nasa. Ba abin da ya rage ko kaɗan?"

Na ce akwai wutsiya. Tafsirin bai kai tsawon zaren ba, kuma da yake na ɗauka fanko ne ban goge ƙarshen ba. Na ɗauki ɗaya na tura shi can ƙarshe na kunna. Malamin ya yi addu'ar rufewa, aka ji ƙas, sai wata murya mai kaushi ta faɗo a tsakiyar magana: "...ki gaida Hajiya Asabe, ki ce mata turmin atamfar nan ban yafe ba. A gaida 'yan Fagge. A gaida duk wanda ya tambaye ni, wanda bai tambaya ba a bar shi." Zare ya ƙare.

Habu ya yi dariya har da tafa hannu. "Tabawa ce, 'yar banza! Shekara tara tana bin atamfar nan." Ya goge ido da gefen hula. "Sa wani."

Muka bi su duka har magariba. Kusan kowanne haka yake, don mutum in ya ga zare ya kusa ƙarewa gaisuwa yake yi. A gaida wance, a gaida wance, Allah ya sada mu. Wanda ya kwana a caji ofis, da wanda ya yi jinyar wani wata huɗu, da waɗanda suka zauna a ƙofar mai unguwa suna raye har lokacin, su uku, duk abin da ya rage nasu shi ne sun gaida mutane. Cikin biyar ɗin da na bari suna juyawa akwai na Habu. Gefen farko shi ne Kano da Jidda. Gefe na biyu, wanda ya tsira, yawancinsa yadda ake miyar kuka ne in babu man shanu.

Na ce zan goge tafsirin in bar zaren fanko. Ya ce, "Bar shi. Malamin bai yi mana komai ba, kai ka gayyato shi."

Na ce masa ai masu muryoyin suna raye, a aika su sake. Na ba shi fanko ashirin da huɗu, ya rarraba su cikin kayan matafiyan da ya yarda da su. Amma lokacin labari ya fara zuwa daga gida cewa dokoki suna sauyawa a jihohin Arewa, ana rufe wuraren da suka saba zama, wasu sun bar gari, wasu sun aske kai sun tsayar da gemu sun koma sayar da goro. Mutumin da yake neman inda zai ɓoye fuskarsa ba ya zama gaban rakoda ya faɗi sunansa da na uwar ɗakinsa. Wasu suka aiko da baki cewa a ƙona har na da. Yawanci ba su aiko da komai ba.

Guda ɗaya ne ya dawo, bayan sallar layya, a cikin ƙullin daddawa. Habu ya kawo mini shi da gudu-gudu, bai ko wanke hannu ba. "Na Tabawa ne, sa mu ji zagi." Na kunna, shuuu. Na tura gaba, shuuu. Na juya ɗaya gefen, haka. Na zaro na duba samansa. An ɓalle kunnuwan biyu, da farce, ga sawunsa a jikin robar.

Na ce, "Ta rasu ke nan?"

Ya ce, "Wanda ya kawo ya gan ta ranar Talata tana cinikin albasa." Ya karɓi kaset ɗin ya juya shi a hannu, sannan ya ɗaga na saman kwalin ya sa shi a ƙasa tare da sha biyar ɗin.

Na ce to shi ya zauna, ga rakoda ga ni, ya maimaita nasa gefen farko, ya faɗi duk abin da ya tuna na sauran. Na yi alkawarin wannan karon magana zan saurara. Ya ce, "Gobe, Malam, yau na jiƙa shinkafa." Na tambaye shi ya fi sau goma. Ran da na matsa masa ya ce, "Da ina yi don in na mutu su ji. Yanzu su wa?" Ban ƙara tambaya ba.

Sana'ar ma ba ta daɗe ba. Faifan CD ya shigo, 'yan kasuwa suka daina hawa benena, Lawban Liyang ya rufe shago ya koma ƙauyensu, zaren mai kyau da ya yi mini alkawari ya iso bayan ba sauran abin da za a kwafa sai matattu da gaisuwa. Na kwafe su duk da haka. Habu ya koma gida da ciwon ƙafa, ya bar mini kwalin, ya ce a wurina ya fi aminci tunda na riga na yi masa iyakar ɓarnar da zan iya. Shekara biyu bayan nan wani ɗan Maraɗi ya gaya mini a bakin masallaci cewa mai tuwon nan ya rasu. Ban samu wanda zan tambaya ko waye ya wanke shi ba. Na koma ɗaki na nemo nasa, na sa farce na ɓalle, na mayar da shi ƙasa.

Kwalin yana nan tare da ni a Kano, a cikin akwatin ƙarfe. Na san abin da saurayin rumfar nan zai ce: Baba, kawo a zuba a waya, minti biyar. Gaskiyarsa, minti biyar ne. Amma akwai sunayen unguwanni a ciki, da na iyaye, da na 'ya'ya waɗanda yanzu suke da shaguna da surukai, kuma wanda zai ce mini "wannan sa, wannan bari" ba ya nan. Ni kuwa ban san muryar kowa ba sai ta Habu da ta Tabawa da tarin Yaya Dije.

Duk shekara bayan damina nakan buɗe akwatin in naɗe kowane zare da biro, gaba da baya, don kada ya manne. Goma sha bakwai suna ƙasa. Ashirin da takwas suna sama da kunnuwansu har yau, cikinsu har da tsohon na Tabawa mai maganar atamfa. Na san yawancin masu su sun daɗe a ƙasa. Babu dai wanda ya rage da zai aiko mini ya ce ɓalle.